Ma'aunin Gajiya a Filin Atisaye

A cibiyar horo ta wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa a Ingila, kamar yadda yake a yawancin takwarorinta na Turai, aikin yini yana farawa tun kafin a fito da ƙwallo, domin duk ɗan wasan da ya iso sai ya amsa 'yan tambayoyi a wayarsa game da barcin da ya samu da tsamin jikin da yake ji. Daga nan wasu kan hau wani faranti mai auna ƙarfin ƙafa su yi tsalle, saboda tsokar da ta gaji ba ta cilla mutum sama kamar wadda ta huta, ko da mai ita ya rantse cewa garau yake.

Kafin a shiga fili kowa yakan saka wata matsattsiyar 'yar shara, wadda 'yan kallo kan yi wa ba'a da cewa rigar mama ce, a bayanta kuma, tsakanin allunan kafaɗa, akwai aljihun da ake zura wata na'ura da ba ta fi akwatin ashana da yawa ba. Na'urar tana karɓar saƙon tauraron ɗan'adam kamar sau 10 a daƙiƙa don sanin inda ɗan wasa yake, tana kuma ɗauke da ma'aunai masu gane zabura da tsayawa da juyawa. Kamfanonin Catapult na Ostireliya da STATSports na Ireland ta Arewa ne suka fi shahara a wannan sana'a, kuma tun 2015 hukumar IFAB mai tsara dokokin ƙwallo ta yarda a saka irin waɗannan na'urori a wasa na gaske. A bakin fili masanin kimiyyar wasanni yana zaune da kwamfutarsa, kuma ba yawan kilomita ne ya fi damunsa ba, tunda ɗan wasa kan yi 10 zuwa 12 a wasa guda. Abin da yake sa wa ido shi ne mitocin da aka ci da gudun da ya haura kilomita 25 a sa'a, domin a irin wannan gudu ne tsokar bayan cinya ta fi tsagewa. Binciken raunuka na UEFA, wanda Jan Ekstrand ya fara jagoranta a 2001, ya nuna cewa kason wannan rauni a cikin dukkan raunuka ya ninka cikin kusan shekara 20, daga kashi 12 zuwa 24 cikin ɗari.

Da rana ake zuba alƙaluman cikin manhajar koyon na'ura, wato tsarin da kwamfuta ke nazarin bayanan baya, na waɗanda suka ji rauni da waɗanda suka tsira, har ta riƙa gane alamun da kan gabaci rauni ba tare da an rubuta mata ƙa'ida ba. Tunanin ba sabo ba ne, domin AC Milan ta buɗe ɗakin bincikenta a 2002 da irin wannan buri. Sai dai rauni abu ne da ba ya yawan aukuwa idan aka kwatanta da dubban ranakun atisayen da ake gamawa lafiya, don haka misalan da kwamfuta za ta koya daga gare su kaɗan ne, kuma takan yi gargaɗi a kan mutanen da babu abin da zai same su. Ko sanannen lissafin nan da ake dangantawa da Tim Gabbett, mai kwatanta nauyin aikin mako guda da na mako 4, ya sha suka daga masana. Taka ƙafa da karo kuwa babu manhajar da ke hango su.

Saboda haka muhimmin abin da ke faruwa a cibiyar yana faruwa ne a taron safe, inda likita da masu tausa da masanin alƙaluma ke gabatar wa koci sunayen waɗanda manhajar ta yi wa jar alamar gargaɗi. Idan alamar ta faɗa kan ɗan benci, nan take ake rage masa gudu. Idan ta faɗa kan mai cin ƙwallaye ana saura kwana 2 babban wasa, sau da yawa koci, wanda kujerarsa ke rawa, yakan saurara ya yi godiya sannan ya saka shi. 'Yan wasan ma sun san dawan garin, don wanda ke tsoron rasa gurbinsa yakan rubuta cewa ya yi barci mai daɗi alhali bai runtsa ba, musamman idan kwantiraginsa ya kusa ƙarewa kuma yana zargin za a ɗauko alƙaluman a teburin ciniki. Wannan fargaba na cikin dalilan da suka sa FIFPRO, ƙungiyar 'yan wasa ta duniya, ta fitar da kundin haƙƙin 'yan wasa a kan bayanansu a 2022.