Jalingo ko Gembu: Ina Ɗan Fansho Zai Yada Zango?

A Amurka, tun 1960 aka buɗe garin Sun City a hamadar Arizona domin tsofaffin da suka ajiye aiki, masu gudun sanyin hunturu. Mu a Taraba zafi ne ke korar dattijo. Shi ya sa ma'aikacin da ya cika shekara 35 a bakin aiki yakan tsaya shawara: ya zauna a Jalingo, ko ya hau tsaunin Mambila ya tare a Gembu?

Wajen yanayi, Gembu ta yi wa Jalingo fintinkau. Tsaunin ya kai kimanin mita 1,600 sama da teku. A watan Maris, lokacin da mutanen Jalingo ke kwana a tsakar gida suna fifita, a Gembu sai an ja bargo. Da asuba hazo kan rufe tuddai, can sai ka hango shanu suna kiwo a ciyawa kore shar. Ga gonar shayi a Kakara, ga ayaba da fiya da dankalin Turawa a kasuwa. Wannan yanki, wanda ya shigo Najeriya bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961, wurin hutu ne na gaske.

Amma tsufa ba ya zuwa shi kaɗai, yakan taho da hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa. A nan Jalingo ta ɗara. Garin da Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa a 1893, ya kuma zama babban birnin jiha a ranar 27 ga Agusta, 1991, shi ke da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da filin jirgin sama da ma'aikatun da ake bin haƙƙin fansho. Wanda ciwo ya tasar wa cikin dare a Gembu, in abin ya fi ƙarfin asibitin gari, sai ya gangaro hanyar nan mai kwana-kwana zuwa Mayo Selbe, ya wuce Serti da Bali, tafiyar sa'o'i masu yawa.

Sai kuma mutane. Wanda ya yi rayuwar aikinsa a Jalingo, a nan jikokinsa suke, a nan majalisarsa take bayan la'asar, a nan ake kiransa suna da ɗaurin aure. Zumunta a ƙafa take, ƙafar tsoho kuwa ba ta nisa. Ɗan asalin Mambila shi ma haka yake da danginsa a can, komawa gida ta fi masa.

A ganina, wanda ba shi da dangi a kan tsauni ya riƙe Jalingo gida, ya riƙa hawa Gembu da bazara ya sha iska. Gwamnati kuwa ta gyara hanyar Mambila, ta wadata asibitocin can da likitoci da magani, domin dattawan tsaunin su tsufa a gidajensu cikin kwanciyar hankali.