Shin Ko Kun San? Unguwar Mutum da Tsawon Ransa

Shin ko kun san cewa tsakanin unguwa da unguwa ana iya samun ratar kusan shekara 30 a tsawon ran mutane? Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Michael Marmot, ya nuna cewa yaron da aka haifa a unguwar Calton ta birnin Glasgow ana sa masa ran shekara 54 a duniya. Takwaransa na Lenzie, can gefen birnin, tazarar da ba ta kai kilomita 15 ba, shekara 82. Kuma su duka biyun kyauta suke ganin likita a asibitin gwamnati. Ajali na hannun Allah, wannan babu ja. Amma rashin aikin yi, da gida mai danshi, da abinci maras kyau, sababai ne da 'yan Adam ke da hannu a cikinsu.

A Chicago ma haka abin yake. Wani bincike na Jami'ar New York a 2019 ya samu shekara 90 a unguwar masu hali ta Streeterville, shekara 60 kuma a Englewood, inda galibin mazauna baƙar fata ne.

Shin ko kun san cewa a Landan ta 1854 kamfanin da ke ba gidanku ruwa yana iya zama sanadin ajalinku? Kamfanoni biyu ne ke raba ruwa a kudancin birnin, wani lokacin ma a layi ɗaya. Na Lambeth ya riga ya mayar da wurin ɗibar ruwansa saman kogin Thames, nesa da inda kwatocin gari ke zuba. Ɗayan, Southwark and Vauxhall, ya ci gaba da ɗiba daga inda ƙazanta ke malala. Da likita John Snow ya bi gida-gida yana tambaya lokacin annobar kwalara, sai ya tarar mace-mace a gidajen kamfani na biyu sun ninka na farko fiye da sau 8.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Nairobi. Mun saba ɗauka cewa duk wanda ya baro ƙauye ya shigo birni ya kusanci asibiti, saboda haka ya tsira. To, binciken da aka yi a shekarar 2000 ya nuna cewa a unguwannin marasa galihu na birnin, cikin kowane yaro 1,000, yara 151 ne ke rasuwa kafin su cika shekara biyar. A birnin gaba ɗaya 62 ne. A karkarar Kenya kuwa 113. Wato uwar da ta kwaso 'ya'yanta daga ƙauye ta sauka a irin waɗannan unguwanni ta kawo su inda haɗarin ya fi na gida. Asibitin yana nan kusa, amma ɗaki guda ne ga iyali duka, masai ɗaya ga gidaje da yawa, kwata a buɗe a bakin ƙofa, ga hayaƙin gawayi a ɗakin da babu taga. Gudawa da ciwon huhu ba sa neman fiye da haka. Abin baƙin cikin shi ne idan aka haɗa alƙaluman birni wuri guda, lafiyar masu kuɗi sai ta rufe mutuwar talakawa, mai tsara kasafi ya duba ya ga kamar lafiya lau.

Shin ko kun san cewa taswira ma tana kawo zafi? A shekarun 1930 wata hukumar gwamnatin Amurka ta shata wasu unguwanni da jan layi, ta ce haɗari ne a ba da bashin gida a cikinsu, da yawa daga cikinsu na baƙar fata da baƙi. Binciken 2020 a birane 108 ya gano waɗannan unguwanni sun fi na masu gata zafi da kimanin digiri 2.6 a ma'aunin Selsiyus, domin itatuwa sun yi ƙaranci, kwalta da siminti sun yi yawa.

Mu ma a Najeriya muna da namu shatin. Dokar tsara garuruwa ta 1917, a zamanin Gwamna Lugga, ta tanadi filin yadi 440 da ba a gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, da hujjar kare su daga sauro. Can unguwar Turawan aka kai famfo da magudanan ruwa, can aka dasa itatuwa. Duk wanda ya ratsa Nasarawa GRA a Kano da tsakar rana, sannan ya kutsa lungunan Fagge ko Kurna, jikinsa zai gaya masa bambancin. Kuma a waɗannan lungunan ne magidanci ke jiran ɗan ga-ruwa kowace safiya, yana biyan kuɗin jarka fiye da abin da mai famfo a gida ke biya a kan ruwa daidai wannan.