Ƙarar Kunne da Shirun Dare: Me Na'urar Sauti Za Ta Iya?

Yau za mu duba wata lalura ce da mai ita kaɗai yake jin ta. Na kusa da shi ba ya ji, wanda suke kwana ɗaki ɗaya ba ya ji, likita ma sau da yawa in ya haska kunnen da fitilarsa ba ya ganin komai. Ita ce ƙarar kunne, wadda wasu ke kira kukan kunne. Wani yakan ji ta kamar kukan gyare, wani kamar busar usur, wani kamar tafasar ruwa a butar shayi, wani kuwa kamar ƙugin taransifoma. Kusan kowa ya taɓa jin irinta na ɗan lokaci, har akan ce ai ana ambatonka ne a wani wuri. To amma akwai waɗanda tasu ta zo ta zauna, wata da watanni, shekara da shekaru. Wani babban nazari da mujallar JAMA Neurology ta buga a 2022, wanda ya tattaro binciken ƙasashe da dama, ya ƙiyasta cewa kusan kashi 14 cikin ɗari na manyan mutanen duniya suna da ita, wato sama da mutum miliyan 740, kuma fiye da miliyan 120 daga cikinsu abin ya tsananta musu. In ka tambayi masu fama da ita wane lokaci ya fi yi musu wuya, amsar da za ka fi ji ita ce: dare.

Me ya sa dare? A nan ne maganarmu ta yau take. Garwashin da ke murhu da tsakar rana ba ka ganin jansa, amma bari magariba ta kawo jiki, sai ka ga yana ƙyalli, alhali wutarsa ba ta ƙaru ba, hasken da ke kewaye da shi ne ya ja baya. Haka ƙarar kunne take. Da rana hayaniyar kasuwa da ta ababen hawa da surutun yara suna lulluɓe ta. Da zarar gari ya yi tsit, an kashe janareto, kowa ya kwanta, sai ta tsaya ita kaɗai a fili. A 1953 wasu masu bincike biyu a Amurka, Heller da Bergman, sun shigar da mutum 80 masu lafiyayyen ji cikin ɗakin da aka toshe wa kowane sauti, na minti biyar kacal. Kashi 94 cikin ɗari sun fito suna cewa sun ji ƙara ko shuuu ko ƙugi, irin dai abin da masu lalurar ke bayyanawa. Ke nan shiru shi ke fito da ƙarar fili. Wanda ya gane haka zai gane dalilin da ya sa nake ganin na'urar sauti, wadda ake kunnawa a ɗaki da dare, tana da amfani na gaske, zai kuma gane iyakar amfaninta: aikinta shi ne ta kore shirun ɗaki, ƙarar kuwa tana nan inda take.

Sai mu ɗan leƙa cikin kunnen. Bayan dodon kunne, can ciki, akwai wani ɗan sashe mai siffar katantanwa, cike da ƙwayoyin halitta masu siririn gashi, wajen dubu goma sha biyar a kowane kunne. Su ne suke mayar da girgizar sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, kuma wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa. Tsufa yana kashe su, ƙarar injin niƙa da ta janareto da ta lasifikar biki tana kashe su, wasu magunguna ma suna yi musu illa. Idan saƙon da ke zuwa daga kunne ya ragu, bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne ƙwaƙwalwa takan ƙara buɗe kanta don ta kamo abin da ta rasa, kamar mai murɗa rediyo zuwa ƙarshe saboda tashar ta yi nisa. Abin da zai samu shi ne shuuu ɗin rediyon kanta. Shi ya sa mafi yawan masu ƙarar kunne, in aka auna jinsu, akan tarar ya ragu ko da ba su lura ba. Shi ya sa kuma toshe kunne da auduga lokacin kwanciya, wanda mutane da yawa ke yi don neman sauƙi, yake ƙara dagula lamarin, domin ka ƙara wa ƙwaƙwalwa yunwar sauti ne.

Tunanin magance sauti da sauti ya samu gindin zama a likitance ne a birnin Portland na jihar Oregon a Amurka, a shekarun 1970. Wani masani mai suna Jack Vernon ya fita da wani likita, Charles Unice, wanda ƙarar kunne ta addaba. Da suka tsaya kusa da wani wurin da ake feso ruwa a cikin birnin, sai likitan ya lura cewa ya daina jin ƙararsa, zubar ruwan ta rufe ta. Daga nan Vernon ya duƙufa wajen ƙera 'yar na'urar da ake maƙalawa a kunne tana fitar da irin wannan sautin. Na'urorin da ake sayarwa yau don ajiyewa a gefen gado jikokin waccan ne. Wasu suna fitar da abin da ake kira farin sauti, mai kama da shuuu ɗin rediyo tsakanin tasha da tasha. Wasu suna fitar da mai taushi fiye da haka, kamar yayyafi a kan rufin kwano, wasu mai kauri kamar gudun kogi daga nesa. Akwai 'yar lasifikar da ake sawa ƙarƙashin matashin kai don kada a dami abokin kwana, akwai kuma manhajojin waya da ke yin wannan aikin kyauta. Babu wata hujja mai ƙarfi da ta fifita wani nau'in a kan wani, saboda haka wanda kunnenka ya fi natsuwa da shi, shi ne naka.

Abin da ya fi nau'in sauti muhimmanci shi ne ƙarfinsa, kuma a nan ne akasarin mutane ke kuskure. Mai sabuwar na'ura yakan murɗe ta har sai ya daina jin ƙarar kunnensa kwata-kwata, yana ganin ya ci nasara. A 1990 wani masani mai suna Pawel Jastreboff ya fito da bayanin da ya sauya wannan tunanin, daga baya shi da Jonathan Hazell na Landan suka gina hanyar jinya a kansa. Suka ce wahalar mai ƙarar kunne ba daga ƙarfin ƙarar take fitowa ba, daga yadda ƙwaƙwalwa ta ɗauke ta a matsayin haɗari ne, ta sa mata ido dare da rana. Ƙwaƙwalwa kuwa gwana ce wajen watsar da abin da ta saba da shi. Wanda gidansa yake bakin titi yakan yi barci tirela na wucewa, baƙonsa kuwa ya kwana ido biyu. Sai dai ba a sabawa da abin da ba a ji. In ka binne ƙarar gaba ɗaya kowane dare, ranar da batir ya mutu za ta dawo maka sabuwa fil. Don haka ga yadda ake yi. Ka ajiye na'urar nesa da kai kaɗan, a kan teburi ko a bakin taga. Ka fara daga ƙasa, kana ɗagawa a hankali, har ka kai inda sautinta ya fara cakuɗuwa da ƙarar kunnenka, kana jin su duka biyun amma kaifin ƙarar ya dushe. Nan za ka tsaya, ko ma ka ɗan rage. Ka bar ta har asuba, domin farkawar tsakar dare cikin tsit ita ta fi hana komawa barci.

Yanzu bari mu ba masu suka dama, domin suna da magana mai nauyi. Za su ce ina shaidar kimiyya? A 2018 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken likitanci, ta duba gwaje-gwaje takwas da suka ƙunshi mutum 590, ba ta kuma samu hujjar da ke nuna jinyar sauti ta fi sauran hanyoyi ba. A 2019 wani gwaji a asibitocin sojan Amurka ya raba mutum 151 gida uku, wasu aka ba su na'ura ta gaske tare da shawara, wasu na'urar bogi tare da shawara, wasu kulawar da aka saba. Bayan wata 18 dukkan rukunonin sun samu sauƙi, ba tare da wani bambanci na a zo a gani ba. Hukumar NICE da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ma, a jagorarta ta 2020, ba ta sa jinyar sauti cikin abin da ta yi umarni da shi ba, ta ce a ƙara bincike. Wannan duk gaskiya ne, kuma duk mai tallar da ya ce maka na'urarsa tana warkar da ƙarar kunne, ka riƙe kuɗinka. To amma a lura da abin da gwajin sojan ya nuna: kowane rukuni an zaunar da shi an yi masa bayanin lalurarsa, kuma kowane rukuni ya ji sauƙi. Fahimta da raguwar tsoro su ne ginshiƙin, shi ya sa ma jinyar gyaran tunani da ɗabi'a, wadda masana halayyar ɗan Adam ke yi, ta fi kowace samun goyon bayan bincike. Sautin gefen gado ɗan rakiya ne ga wannan. Tambayar da gwaje-gwajen suka fi aunawa ita ce yadda mutum yake bayan watanni. Tambayar wanda ke juyi a kan katifa ƙarfe biyun dare ita ce yadda zai kai asuba. Abin da zai sassauta masa wannan sa'ar, ba da ƙwayar barci ba, ba da kashe dukiya ba, a ganina bai kamata a raina shi ba.

Suka ta biyu ita ce, sauti ne ya lalata kunnen tun farko, yaya za a kwana ana ɗura masa wani? Amsar tana ga awo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraren sauti mai ƙarfin desibel 80 har sa'a 40 a mako ba tare da cutuwa ba, hirar yau da kullum kuwa wajen desibel 60 ce. Sautin da muke magana a kai ya kamata ya yi ƙasa da hira nesa ba kusa ba. Haɗarin yana ga mai cusa abin sauraro cikin kunne ya ƙure waya har gari ya waye. Ga iyaye kuma akwai gargaɗi na musamman. A 2014 likitoci a Toronto ta Kanada sun auna na'urorin lallashin jarirai guda 14, suka tarar in an ƙure su, uku daga ciki suna haura desibel 85 a kusa da kan jariri, ƙarfin da ko ma'aikacin masana'anta ake ƙayyade masa. Kunnen jariri ba wurin gwaji ba ne.

Wani kuma zai ce wannan ai zancen masu wutar lantarki ne da kuɗin odar kaya daga waje. A'a. Tunda shirun ɗaki ake son korewa, duk abin da ke fitar da sauti mai ɗorewa, marar hawa da sauka, marar kalmomi, ya wadatar. Fanka mai caji tana yi. Tsohuwar waya da aka saukar wa sautin ruwan sama tana yi, ba sai da data ba. Rediyo ma tana yi, in aka karkatar da allurarta tsakanin tasha biyu aka rage murya. Abin da ba ya yi shi ne hira ko labarai ko waƙa mai baituka, domin ƙwaƙwalwa za ta bi maganar ta ƙi kwanciya. Haushin kare da ƙahon mota ma ba sa yi, saboda sautin da ke zuwa kwatsam tayar da mutum yake, kuma shimfiɗaɗɗen sauti yana taimakawa wajen dusashe irin waɗannan.

Suka ta ƙarshe ita ce wadda na fi ɗauka da muhimmanci: kada sauƙin dare ya hana mutum zuwa asibiti. Wata ƙarar dauɗar kunne ce kawai ta toshe hanya, in an wanke sai ta tafi. Wata daga ciwon kunne mai fitar da ruwa take. Wata daga magani take, irin su kwinin na zazzaɓin cizon sauro, da asfirin in an sha da yawa, da allurar jentamaisin da ake yi barkatai a wasu shagunan magani, wadda illarta ga ji kan iya zama ta dindindin. Wanda ƙararsa ta fara bayan shan magani ya koma wa wanda ya rubuta masa, kada ya yanke hukunci da kansa. Wanda kuma jinsa ya ragu, na'urar taimaka wa ji takan fi masa na'urar gefen gado, domin tana dawo masa da sautin duniya da ya rasa.

Saboda haka, ya kai ɗan'uwa, ya ke 'yar'uwa mai fama da wannan lalura, yau da dare a gwada sauti ƙasa-ƙasa, a cire auduga daga kunne. Amma idan ƙarar a kunne ɗaya take, ko tana bugawa daidai da bugun zuciya, ko ta zo da jiri, to a nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro, a asibitin koyarwa mafi kusa ko a Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Idan kuwa ji ne ya ɗauke farat ɗaya, kada a jira mako ya zagayo, a tafi a ranar, domin maganin wannan a kwanakin farko yake aiki. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.