Juriya da Haƙuri: Jarin Farko ga Masu Kafa Sabuwar Sana'a a Boɗinga da Shagari

Kamar yadda aka sani, ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari suna kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega, kuma akasarin jama'arsu manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa. A kowace shekara matasa da mata da dama suna kafa sababbin sana'o'i a wannan yanki, kama daga noman rani da turkar dabbobi har zuwa injin niƙa, ɗinki da shagon POS. Sai dai ba kowace sana'a ce take kai shekara biyu ba. Don haka muka ga ya dace mu yi wa jama'a bayani kan juriya, da abin da take nufi a aikace, da kuma rawar da jami'an ƙananan hukumomi za su taka.

Me ya sa shekarun farko suke da wuya?

Sabuwar sana'a tana cin kuɗi kafin ta fara bayarwa. Mai ita bai riga ya sami masu ciniki na dindindin ba, bai san dillalin kirki ba, bai kuma ga yadda kasuwa take juyawa daga rani zuwa damina ba. Wannan ilimi ba a samunsa sai an zagaya shekara ana cikin harkar.

Mu ɗauki misalin albasa, wadda ake nomawa sosai a fadamun wannan yanki. Lokacin da aka cire ta, kasuwa takan cika, farashi ya faɗi. Wanda ya adana tasa a rudu zuwa watannin da take ƙaranci yakan sayar da tsada, amma wani ɓangare yakan ruɓe ko ya motse. A ce mutum ya ajiye buhu 10, sai 3 suka lalace. Kafin ya mayar da kuɗinsa kawai, dole farashi ya ƙaru da kusan kashi 43 cikin 100. Wanda ya gamu da haka a shekarar farko zai iya cewa harkar ba ta karɓe shi ba, alhali abin da ya rage masa shi ne ya koyi busar da albasa sosai kafin ajiya, ya ware mai rauni, ya kuma bar wa iska hanyar shiga. Idan ya daina, ya yi asarar kuɗi da darasi gaba ɗaya. Idan ya sake gwadawa da gyara, asarar farko ta zama kuɗin makaranta.

Haka abin yake ga mai turkar raguna don Babbar Sallah. Ranar Sallah tana matsowa da kimanin kwana 11 a kowace shekara, saboda haka lokacin sayen dabba da tanadin harawa da dusa yana sauyawa. Sai wanda ya daɗe a ciki yake iya wannan lissafi.

Juriya da taurin kai

Wajibi ne mu bambance waɗannan biyu. Mai taurin kai yana maimaita abin da ya jawo masa asara, yana ƙara cin bashi. Mai juriya kuwa yana riƙe da burinsa amma yana sauya dabara. Tarihin Alhaji Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, ya nuna haka. Ya shafe shekaru yana fataucin goro zuwa Gwanja, amma da jirgin ƙasa ya iso Kano aka buɗe cinikin gyaɗa, sai ya karkata can, ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Gogewar da ya tara a shekarun fatauci ita ce ta ba shi damar cin moriyar sabon zamani.

A namu zamanin ma an ga jarrabawa. Ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, da cire tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar, sun taɓa kowane mai sana'a, musamman masu ban ruwa da injin fetur. Wasu sun rufe, wasu kuma sun koyi karɓar kuɗi ta waya, ko suka haɗa kuɗi suka koma ga famfo mai aiki da hasken rana.

Abubuwan da suke taimaka wa sana'a ta ɗore

1. A raba uwar kuɗi da riba. Cefane da hidimar biki su fito daga riba, kada a taɓa jari.
2. A riƙa rubuta shige da fice a littafi kullum, ko da boko ko da ajami.
3. A sa wa bayar da bashi iyaka. Shaguna da yawa a ƙauyuka bashin 'yan uwa da abokai ne ya karya su.
4. Kada a zuba duk abin da aka mallaka a karon farko. A fara da kaɗan, a bar abin da za a tashi da shi idan an faɗi.
5. A shiga adashi ko ƙungiyar gama kai, domin saye tare da sayarwa tare yana rage kashe kuɗi.
6. A nemi shawarar malaman gona da likitocin dabbobi tun kafin matsala ta auku, musamman kan rigakafi.

Akwai hukumomin da aka kafa don irin wannan aiki, kamar hukumar SMEDAN mai kula da ƙananan masana'antu, wadda aka kafa a 2003, da hukumar samar da ayyukan yi ta NDE, da Bankin Manoma da Bankin Masana'antu. Sau da yawa sukan nemi shaidar rajista da bayanin ciniki, don haka littafin lissafi da rajista da hukumar CAC suna da amfani. Neman rance yana ɗaukar lokaci, kuma shi ma yana buƙatar bibiya.

Kira ga jami'ai da shugabannin al'umma

Juriyar mai sana'a tana da iyaka idan ba a sauƙaƙa masa ba. Muna kira ga jami'an ƙananan hukumomi da su fayyace wa jama'a harajin da doka ta tanada, su bayar da rasiti, su hana karɓa sau biyu a kan kaya ɗaya. Haka kuma a raba rumfunan kasuwa bisa adalci, a gaggauta rajistar ƙungiyoyi, a kuma isar da sanarwar tallafi har ƙauyuka cikin lokaci. Bayan an raba keken ɗinki ko injin ban ruwa, a koma bayan wata shida a ga halin da ake ciki, domin a lokacin ne mai sana'a ya fi buƙatar a dafa masa. Iyayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni su ma suna da rawar takawa wajen sasanta rigimar bashi da ta filin noma kafin ta kashe sana'a.

Daga ƙarshe, muna tunatar da matasanmu na Sifawa, Danchadi, Kajiji, Dandin Mahe da sauran garuruwa cewa sannu ba ta hana zuwa. Duk wanda ya fara sana'a ya ba ta lokacin da za ta kafu, ya duba littafinsa a ƙarshen kowane wata, ya gyara inda ya ga ɓaraka.