Tawakkali Ba Ya Kama Birki

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya hore wa kakanninmu raƙumi da jaki, mu kuma ya hore mana ƙarfe mai shan fetur. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu ɗan sauka daga kan buzu mu leƙa ƙarƙashin mota, gama akwai fiƙihu a can wanda da yawa daga cikinmu ba su kula da shi ba.

Kwanakin baya wani Alhaji ɗan kasuwa, amininmu, ya ɗauke mu a motarsa daga Kazaure za mu ɗaurin aure Roni. Tun ba mu fita gari ba muka lura duk sa'ad da zai tsaya sai ya taka birki sau uku, kamar mai wanke gaɓɓan alwala: na fari shiru, na biyu shiru, sai a na uku motar take tuna abin da ake nema gare ta. Muka ce, "Alhaji, wannan birkin fa?" Ya yi murmushi, ya nuna mana wata takardar addu'a da ya liƙa a gaban sitiyari, ya ce, "Allah gafarta Malam, ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Da muka duba da kyau, ashe a kan wata jar fitila ya liƙa takardar, wai haskenta yana damunsa. Wanda ya san ƙasar Roni ya san akwai duwatsu da hawa da gangara. Lalle mun daɗe ba mu yi istigfari da tsarkin zuciya irin na ranar nan ba. Mun dai isa lafiya da rahamar Allah, amma a wata motar muka komo.

Raƙumin jiya, motar yau

Imamu Tirmizi ya ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure taguwarsa ya dogara ga Allah, ko kuwa ya sake ta ya dogara. Sai ya umurce shi ya ɗaure ta tukuna, sa'an nan ya dogara. To, igiyar raƙumin wannan zamani ita ce birki da taya da fitila. Wanda ya bar su a lalace ya ce ya yi tawakkali, ya saki raƙumi ke nan yana jiran ƙaddara ta yi masa kiwo.

Malaman Malikiyya ba su bar wannan babi ba. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an bayyana cewa mai kora dabba da mai janta da wanda yake kanta, su ke da alhakin abin da ta taka. Kalmar da aka kira mai korar da ita, watau sa'iƙ, ita ce Larabawa suke kiran direba da ita a yau. Har wa yau, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na takwas a Burunai cikin watan Yuni na 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa Shari'a ba wajibi ne, domin maslaha ce ta tsare rai da dukiya. Saboda haka wanda yake zaton dokar hanya ta ma'aikatan gwamnati ce kawai, sai ya sake muraja'a.

Cututtuka da magungunansu

Mu fara da birkin Alhaji. Birkin da ba ya kamawa sai an yi ta takawa, galibi iska ce ta shiga bututunsa, ko man birki yana yoyo, ko robobin famfonsa sun gaji. Jar fitilar nan kuwa nasiha take yi. Akwai masu zuba ruwan omo maimakon man birki domin araha. Su sani ruwa yana tafasa idan birki ya ɗauki zafi, sai ya zama tururi, ƙafa ta tafi har ƙasa babu abin da ya kama, yana kuma sa ƙarfe tsatsa. Omo na wankin riga ne.

Na biyu, taya. Mun ga tayar da ta yi sumul kamar kan wanda ya gama aikin Hajji, mai ita kuwa yana cewa sai bayan Salla. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu: biyun farko makon da aka yi ta, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 1519, an yi ta a mako na 15 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko da zanenta yana nan, zafin kwalta na watan Afrilu kuwa ba ya tausayin tsohuwa. A auna iska da safe kafin taya ta yi zafi, a kuma tuna da safaya, wadda ba a gaishe ta sai ranar buƙata, sa'an nan a tarar ita ma ta sace.

Na uku, lagireto. Idan inji ya yi zafi har tururi ya tashi, a tsaya a gefe, a kashe, a yi haƙuri ya huce. Wanda ya buɗe murfin lagireto da zafinsa zai sha suracen da ba a rubuta masa ba, fuskarsa ta ba da labari. Kwarara ruwan sanyi cikin inji mai zafi kuwa yana iya tsaga shi. Ƙwai da ake fasawa a ciki don toshe yoyo, gara a soya wa yara.

Na huɗu, batir. Akwai motar da ba ta tashi sai cikin jam'i, mai ita kullum yana neman gangara ya ajiye ta, maƙwabta kuma suna ɓuya idan sun ji ya fito. Sau da yawa kan batir ne ya yi farin gari ko ya saki. A wanke shi a ɗaure. Bugunsa da dutse ta'aziri ne a kan wanda bai yi laifi ba.

Na biyar, fitila. Motar da take tafe da dare da ido ɗaya, mai zuwa zai ɗauka babur ce ya bar mata hanyar babur. Wanda kuma motarsa ta mutu a kan titi ya zuba ganye da duwatsu, to ya kwashe su idan ya tashi. Kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce, mu kuwa mun zama masu shuka shi.

Na shida sabuwar cuta ce. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, wasu direbobi sun koyi kashe inji a gangara domin tsimi. A yawancin motoci inji ne yake ba birki ƙarfi, shi ne kuma yake sassauta sitiyari. Idan aka kashe shi, bayan taki ɗaya ko biyu birki ya zama dutse. Cokalin fetur bai kai kuɗin likkafani ba.

Tsakaninka da bakanike

Bakanike yakan ba da fatawa da kunne, wani lokaci ya dace, wani lokaci ya canza abu uku kafin ya gano waya ce ta tsinke. Muna tunasar da 'yan'uwanmu masu wannan sana'a mai albarka cewa a mazhabar Imamu Malik mai sana'a yana lamunin kayan da aka bar masa a wurin aikinsa. Wanda ya karɓi kuɗin sabon kaya ya sa tsoho ya ci haram, idan kuma kayan birki ne, ya sa hannu cikin jinin da zai zuba. Kai kuma mai mota, kada ka matse shi har ya rasa abin da zai sa maka sai jabu, araha ba ta ado. Haka nan mai sayar da mota: Imamu Muslim ya ruwaito yadda Manzon Allah ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai shi a kan algus. Kaurin baƙin mai da ake zubawa domin inji ya yi shiru ranar ciniki, jiƙaƙƙen hatsi ne a ƙasan buhu.

Gudu da lodi da waya

Ya kai ma'aikaci da ka makara ranar Litinin kana son ka isa Dutse kafin maigidanka, ga lissafi. Tafiyar kilomita 80, idan kana gudun 80 sa'a ɗaya ce, idan kana gudun 120 minti 40 ce. Minti 20 ka saya, ka ba da ranka jingina. Idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da mota take ci kafin birki ya tsai da ita yakan ninka sau huɗu. Mai gudun kilomita 100 yana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, watau wanda ya duba wayarsa daƙiƙa uku ya yi tafiyar fiye da mita 80 a makance. A garuruwan da ke bakin hanyar Kano zuwa Daura, wadda ta ratsa Dambatta da Kazaure, mita 80 ta ishi ɗan makaranta ko akuya su fito. Sauri ya haifi nawa.

Ya kai ɗan kasuwa da kake ɗora wa ƙaramar mota buhunan gero da riɗi daga Babura ko Gwiwa har hancinta ya dubi sama kamar mai neman jinjirin wata, ka sani ƙafafun gaba su ne masu juyawa, idan nauyi ya ɗaga su sitiyari ya zama ado. Shari'a ta hana a ɗora wa dabba abin da ba ta iyawa. Mota ba ta kuka, amma fasinjan da aka cusa a but yana da iyali.

Dattawa suna tuna ranar 2 ga Afrilu, 1972, da ƙasar nan ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama. Wasu direbobinmu har yau ba su zaɓi ɓangare ba. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, amma jami'i ba zai zauna a kowace kwana ba, sai tsoron Allah.

Inda raha ta ƙare

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 suke mutuwa a hanya kowace shekara. Mu a Jigawa ba mu manta daren 15 ga Oktoba, 2024 ba, da tankar mai ta faɗi a Majiya cikin ƙaramar hukumar Taura, jama'a suka taru ɗibar fetur, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Idan tanka ta faɗi, nisanta ita ce ibada, man da ya zube kuwa yana da mai shi.

Aya ta 92 cikin Suratun Nisa'i ta ɗora wa wanda ya kashe mumini bisa kuskure abu biyu: diyya da kaffara. Diyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, dangi na wajen uba suke taruwa su biya. Kaffara kuwa a wuyan mai laifin take shi kaɗai, a zamaninmu azumin wata biyu ne a jere, malamai da dama kuma sun ce kowane rai da tasa. Direban da sakacinsa ya ci mutum biyar, ya lissafa wata goma. Ko iyalan mamatan sun yafe diyya, kaffara tana nan, gama haƙƙin Allah ce.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, gobe da safe kafin ka murɗa makulli, ka kewaya motarka sau ɗaya. Ka dubi taya, ka duba baƙin mai da ruwa da man birki, ka taka birki ka ji ya kama a takun farko, ka ɗaura bel, ka ajiye waya, sa'an nan ka karanta addu'ar hawa abin hawa da natsuwa. Shi kuwa Alhajinmu, mun sami labari ya kai motar gareji, ya kuma mai da takardar addu'ar inda ba ta rufe komai.

Allah ya kiyaye mana hanya, ya kai kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.