Fitar da Kusurwar Ɗakin Kaji da Igiya

Mai kiwon kaji a Vom da kewaye, kafin ka haƙa harsashin ɗaki, daidaita kusurwoyinsa da alwatika. Sami igiya mai mita 12, ka ƙulla bakunanta, ka raba ta kashi uku: mita 3, 4 da 5. Kafa turke a kowace alama, igiyar ta miƙe sosai. Kusurwar da ke tsakanin mita 3 da 4 digiri 90 ce.

Lura, ba kowane rabo ke fitar da alwatika ba. Wajibi ne jimlar gajerun ɓangarori biyu ta zarce dogon. Mita 2 da 3 ba sa haɗuwa bisa mita 7. Mita 3 da 3 kuwa kwanciya suke yi bisa mita 6.

Idan kusurwa ta karkace, kwanon rufi ba zai zauna daidai ba, sai asarar kuɗi.