Kan jirgin da aka yi wa garambawul a Abuja, da tambayar da ya bar wa Daura

A shekarar 2024 Ministan Sufuri Sa'idu Ahmed Alkali ya gabatar da wani kan jirgin ƙasa a tashar Idu da ke Abuja. Asalinsa dizal zalla yake sha. Bayan kamfanin De-Sadel ya yi masa garambawul, ma'aikatar ta ce kashi 70 cikin ɗari na makamashinsa iskar gas ce, sauran 30 kuwa dizal.

A irin wannan kan jirgi, injin dizal janareta yake juyawa, wutar da aka samu kuma ita ke tuƙa ƙafafun. Saboda haka ana iya sauya abin da injin ke sha ba tare da an taɓa sauran jikin ba. Dizal bai fita gaba ɗaya ba domin shi ke kama wuta idan aka matse shi, sannan ya kunna gas ɗin.

Najeriya ta fi sabawa da saye fiye da gyara. A 1995 gwamnatin Abacha ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin CCECC na Sin, aka kawo kawunan jirgi 50. A 2010 aka ƙaro 25 ƙirar General Electric. Rashin kayan gyara ya durƙusar da da yawa daga cikin tsofaffin.

Su ma da za a tayar da su, ba za su shigo Daura ba. An ƙera su ne don tsohon layin dogo mai faɗin milimita 1,067, alhali layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, faɗinsa milimita 1,435 ne. Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil ke ginawa, zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya.

Ke nan sababbin kawuna za a sayo, kuma wata rana za su tsufa. A Daura ne Jami'ar Sufuri ta Tarayya take, wadda aka aza harsashinta a Disambar 2019. Abin da ya kamata matasan masarautar su tambayi wakilansu a Majalisar Tarayya shi ne: shin kwangilar sayen kawunan ta tanadi kayan gyara, da wurin garambawul, da horar da ɗaliban wannan jami'a?